Gida Mai Ƙofa Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa da sahabbansa.

Ni ne Abdulmajeed ɗan Malam Haladu, wanda mutanen Gwarinpa da Jabi suka fi sani da Majidu Dillali. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina yana jikina, babu wanda ya tsaya a kaina yana faɗa mini abin da zan sa. Jiki ne dai ya gaji. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sai na lallaɓa shi, biron nan ma nauyi yake mini. Amma kan da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a bakin titi ya faɗi abin da gida zai yi a kasuwa, wannan kan bai taɓu ba. Na fara da haka ne domin na san kafin a kai ƙarshen takardar nan, ɗayanku zai ce Baba ya ruɗe. Ban ruɗe ba.

Wasiyya ce gare ku 'ya'yana, Manniru, Kubra da Amir. Da ke kuma jikata Muhibba, 'yar ɗan'uwansu marigayi Zakariyya. A zaunar da ita tare da ku ranar da za a karanta, kada a ce ta jira a ɗaki.

Na ɗaya. Idan ta Allah ta kasance, a binne ni a nan Abuja, a maƙabartar da muka kai mahaifiyarku. Kada wani ya ce sai an kai ni garinmu Ɗambatta. Na sha hanyar nan ina da rai har ta ishe ni, ban ga dalilin da za a sake jijjiga ni a kanta ba. Kada a kafa rumfa a tare wa maƙwabta titi, kada a buga hotona a kalanda. Wanda ya zo ya yi addu'a, a ba shi ruwa, ya tafi harkarsa.

Na biyu. Ba na bin kowa bashi, ba kuma wanda ke bina. Na share wannan tun ina iya fita. Akori-kurar da ke hannun Thaddeus, maginin da ya gina mana gidan nan, tasa ce. Na ba shi tun kafin ciwon nan, a gaban liman, don haka ba ta cikin gado. Shi ma tsufa ya kama shi, ba ya iya hawa tsani, da ita yake ɗauko wa mutane siminti daga Dei-Dei. Idan ya zo gaisuwa a shigar da shi ciki. Ba baƙo ba ne, ya san gidan nan tun yana igiya da turaku.

A ƙarƙashin gadona za ku ga wani gwangwani cike da makullai. Kada ku wahalar da kanku neman ƙofofinsu. Na gidajen da na taɓa nuna wa mutane ne, yawancinsu an rushe su an gina wasu a wurin. Ni ma ban san dalilin da ya sa na riƙa ajiyewa ba. A ba masu sayen tsohon ƙarfe.

Na uku. Rabon gado ba nawa ba ne. Allah ya riga ya raba, liman ya san lissafin, ku bi abin da ya ce ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Akwai shagon Dei-Dei da ke hannun ɗan haya, akwai filin da ke bayan gari, akwai gidan nan. A kan biyun farko ba ni da abin cewa. Maganar gidan ce ta tashe ni zaune.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, kun zauna ku uku a gindin mangwaron tsakar gida. Kun leƙo kun ga idona rufe, kuka ce Baba ya samu barci. Kun manta gidan da kuka tashi a ciki. Nan ba dufleks ba ne da mutum zai hau sama ya turo ƙofa ya ƙulla abin da zai ƙulla. Kowane ɗaki tsakar gida yake kallo, ko cokali ya faɗi a kicin sai na ji. Na ji ku tas.

Kai Manniru ka ce ka samo masu kuɗi, kamfanin da ke sayen tsofaffin gidaje ya rushe ya jera benaye manne da juna. Ashe ma wakilinsu ne mutumin da ka shigo da shi kwanakin baya, wanda na ji ta taga yana cewa, "Oga, wannan ba gida ba ne fa, fili ne kawai. Ba fakin, ba masta bedrum, taga ma ƙanana. Mu ƙasa za mu biya, bulo ɗin ku kwashe idan kuna so." Ban ji haushinsa ba. Da ni ne a wurinsa abin da zan faɗa ke nan, sai dai ni zan rage murya, tunda akwai mara lafiya a gidan.

Kai Amir ka ce sayarwa a haka asara ce. A rufe tsakar gida ta zama babban falo, a ɗora bene, a fasa gaban gidan a sa gilashi da wurin ajiye motoci, sannan a kai shi kasuwa. Ke kuma Kubra kika ce su duka biyun ba su waye ba, gargajiya ta dawo yayi, 'yan boko suna neman inda za su zauna a kan tabarma su ci tuwo su ɗauki hoto. A mayar da gidan wurin cin abinci, zaure ya zama wurin tarbar baƙi. Kuka yi ta sa-in-sa, har Manniru ya ce kina magana kamar rabonki ya kai nasa, ke kuma kika tuna masa wadda ta ɗauki nauyin asibitina.

Duk wannan bai dame ni sosai ba. 'Ya'yan dillali ne ku, ba zan yi mamaki don kun yi wa gida kuɗi mai shi na kwance a ciki ba. Abin da ya hana ni cin tuwo ranar shi ne, sai da kuka miƙe za ku tafi sannan wani ya ce, to Muhibba fa? Aka ce za a san yadda za a yi da ita. Manniru ya ce akwai ɗaki a gidansa. Na san ɗakin, Manniru, a sama yake. Yarinyar da ke kan keken guragu ka yi wa tanadin ɗaki a saman bene. Kuma ku sani, tun da kuka fara maganar nan ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya a zaure, ba ta sake tashi ba sai da motocinku suka bar layin. Ba ni kaɗai na ji ku ba.

Na huɗu, kuma wannan ba rabo ba ne, karatu ne. Ku yi haƙuri da tsoho, ba zan sake ba.

Na shigo garin nan ina saurayi, ina ɗora wa mutane buhun siminti a mota, kafin wani dattijo ya ja ni a jiki ina bin sa nuna gidaje. Tun daga lokacin abu ɗaya na gani. Mai sayen gida a Abuja ba wurin kwana yake saye ba, abin da mai wucewa zai ce yake saye. Kafin ya sauko daga mota ya gama yanke shawara. Ya dubi rufi, ya dubi get, ya auna motocin da harabar za ta ci. Uwargida ta shiga ta duba kicin, ta duba ko kowane ɗaki da banɗakinsa. A duk shekarun nan, waɗanda suka tambaye ni ta ina rana ke dukan gidan da yamma, ko ina ruwan sama ke bi idan ya sauko, ba su cika yatsun hannu ba.

Abin da mai wucewa ke so kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Na ga zamanin jan kwano. Na ga zamanin dogon rufi mai tsini, wanda rufin ya fi gidan tsawo, ya ci katakon da zai rufa wani gida, kuma ba mai kwana a cikinsa sai jemagu. Na ga zamanin ginshiƙai, kowa sai ya kafa farare a ƙofarsa kamar kotu, alhali ba sa ɗauke da komai. Yanzu ga zamanin akwati: gida mai kusurwa huɗu, fenti toka-toka, gilashi daga sama har ƙasa, a ɓoye rufi a bayan katanga kamar abin kunya. Kowanne ya zo sai ya mayar da na gabansa tsoho, farashinsa ya faɗi ba tare da bulo ɗaya ya tsage ba.

Akwai wata Madam Perpetual a Jabi, ma'aikaciyar gwamnati, mutuniyar kirki. Da ta yi ritaya sai ta ɗauki abin da aka sallame ta da shi ta zuba a gyaran gidanta, don ta sayar da tsada ta koma garinsu. Na ce ta sayar yadda yake. Ta ce, "Alhaji, kai ba ka gane ba, ginshiƙi ne yana tafiya yanzu." Aikin ya ja, kafin a gama fenti yayi ya juya. Masu saye suka riƙa zuwa suna taɓe baki, wai tsohon fasali ne. Wanda ya saya daga ƙarshe sai da ya cire ladan masu guduma daga abin da ya biya ta, don abin da zai fara yi shi ne sauke ginshiƙan. Ranar da ta zo kwashe kayanta ta tarar ana fasa su, ta tsaya a bakin get da jakarta a hannu ta kasa shiga. Ban karɓi la'adata a cinikin nan ba, na kasa.

Amir, kai nake ba wannan labarin. Kafin ka gama ɗora benenka, akwatin da kake sha'awa ya tsufa. Ka kuma je ka ga abin da ɓoyayyen rufi ke yi wa maƙwabcinmu na dama da damina. Ruwa ya taru a bayan katanga ya rasa hanya, sai ta silin. Bokitai yake jerawa a falon da ya fi gidan nan duka tsada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai faɗa maka ba sai ka saya.

Kubra, gargajiyar da kika ce ta dawo, ita ma yayi ce. Masu hoto ba zama suke so ba, bango suke so a bayansu. Za su zo su cika zaure har ki ce kin haye, ranar da aka buɗe wani wuri mai sabon bango su tafi gaba ɗaya, su bar ki da tukwane da ma'aikata.

Kai kuwa Manniru, ba zan yi maka ƙarya ina bakin kabari ba, lissafinka ya fi nasu gaskiya. A kasuwar yau ginin nan ba shi da daraja, ƙasar ce ke da ita. Abin da ka bari a waje da lissafin ne ya dame ni.

Na biyar. Kun sha tambayata, tun kuna yara kuna jin kunyar kawo abokanku, me ya sa mutumin da ya sayar da benayen rabin unguwar nan ya gina wa kansa gidan ƙauye. Nakan ce mahaifiyarku ce ba ta son bene, ba ta iya zama inda ba za ta ɗaga kai ta ga sama ba. Gaskiya ne. Amma akwai nawa dalilin.

Cinikin da ya fi kawo mini la'ada a rayuwata shi ne gidan gado. Mai gida ya rasu, kafin sadakar arba'in 'ya'ya sun kira ni. Gidan da ya fi kyau kuwa shi ya fi saurin tafiya. A gabana ake raba kuɗi, kowa ya shiga motarsa. Bayan shekara in haɗu da ɗaya in tambaye shi ƙaninsa, ya ce ai kwana biyu bai ji daga gare shi ba. Ba gaba suke yi ba, wurin haɗuwar ne babu. Waɗanda na ga zumuncinsu ya ɗore su ne waɗanda ubansu ya bar wa gidan da ya ƙi sayuwa, dole su haɗu a cikinsa ko don su yi faɗa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da na samu filin nan, lokacin nan bakin daji ne, sai na zauna na tattara duk abin da na san mai sayen gida ba ya so, na ce shi za a gina mini.

Zaure a gaba, ƙofa ɗaya tak. Ɗakuna a kewaye, tsakar gida a buɗe, bango mai kauri, tagogin waje ƙanana can sama, zankwaye a kusurwa, indararo ya zubo ruwa a fili kowa na gani. Ba bene, ba harabar mota. Mai zanen gini ya yi dariya har da hawaye. Thaddeus ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Oga Majidu, wannan gida da kai kana so, ba mutum zai saya shi fa." Na ce ashe ka fahimci aikin, ɗauko igiya.

Kun ji kunyar gidan, amma ku tuna, da bazara idan aka ɗauke wuta, maƙwabta na fama da janareto, mu tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida mu yi barcinmu. Ku tuna mahaifiyarku tana daga bakin murhu tana ganin wanda ke karatu da wanda ke ƙaryar karatu. Amir ya fi kowa sanin wannan.

Dabarar ta yi aiki, har a kaina. Shekarar da kasuwa ta karye mini bayan rasuwar mahaifiyarku, ni da kaina na so in sayar. Abokan sana'ata suka yi ta kawo mutane, kowa ya tsaya a zaure ya leƙa ya juya, ko tayi babu. Na yi fushi a lokacin. Da ya sayu, ban san inda zan kawo Muhibba ba.

Kun san ranar da aka kira mu kan haɗarin mota a hanyar Kaduna. Zakariyya da matarsa Lubna suka rasu nan take, aka ciro yarinya da rai, amma ƙafafunta ba su sake ɗaukarta ba. Da za a sallamo ta daga asibiti, Thaddeus ya zo da guduma, ba wanda ya aike shi, ya bi gidan nan ya fasa kowane dokin ƙofa ya shafe da siminti. Shi ke nan gyaran da gidan ya buƙata. Daga zaure zuwa kicin, zuwa gindin mangwaro, zuwa ɗakina, babu inda kekenta ba ya zuwa, ba ta neman kowa ya ɗauke ta. Ku nuna mini wani gida a layin nan da zai yi mata haka. Manniru, rabonta da gidanka tun sunan ɗanka na fari, ranar da aka ciccibe ta aka hau da ita matakalar ƙofa a gaban mutane. Tun da ta dawo ba ta sake cewa za ta je ba.

A zauren nan ta koyi ɗinki, a nan take ɗinka labule. Masu gilashi daga sama har ƙasa su ne masu cinikinta. Sun kashe kuɗi sun buɗe gida don su ga waje, sun dawo suna kashe wasu don kada a gan su. Da wannan take sayen maganinta, wani lokaci har da nawa, tana tsammanin ban sani ba. Zaure a bakin titi yake, mai kawo aiki ya tsaya ya yi sallama ya miƙa. Idan kun ɗauke ta daga nan, ba da ɗaki kaɗai kuka raba ta ba, har da sana'arta.

Abin da ban hango ba shi ne ranar da ƙasa za ta fi abin da ke kanta daraja. Bakin dajin ya zama tsakiyar gari. Mai saye na yanzu ba ruwansa da zaure ko zanko, katafila zai kawo. Na yi wa masu son gida dabara, ban yi wa masu son fili ba. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Wallahi na gaji, kuma na so a ce na tafi ban ga wannan ba.

Na shida. Kun sani, ni ma na sani, Muhibba ba ta da gado a wurina. Ubanta ya riga ni, ku kuma kuna nan. Hukuncin Allah ne, ban ja da shi ba. Amma Wanda ya yi wannan hukuncin shi ya bar wa mai mutuwa sulusin dukiyarsa, ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba. Ban ce a gina masallaci da nawa ba, ban ce a haƙa rijiya ba. Na ba Muhibba.

Ba kuɗi na ba ta ba, na san yadda kuɗin maraya ke narkewa a hannun mai riƙo ko da mutumin kirki ne. Na ba ta layin gaba na gidan nan, daga katangar maƙwabcin dama zuwa ta hagu: zaure, da ɗakinta da ke jikinsa, da ɗakin baƙi da banɗakinsa. Na sa dillalan da ba su san dalilina ba sun kimanta, idan aka haɗa shago da fili da gida, abin da na ba ta bai haura sulusi ba. Liman da na'ibinsa sun shaida, lauya ta rubuta yadda doka ke so. Saura duk naku ne, tsakar gida da mangwaro da ɗakuna da kicin.

Manniru, na san ka riga ka gane, kai ka gaji kaina. Gidan nan ƙofarsa ɗaya. Dama da hagu da baya duk katangar mutane ce. Babu kamfanin da zai sayi filin da ba shi da bakin titi, babu ma inda katafila za ta bi. Amir, babu gaban da za ka fasa. Kubra, babu zauren da za ki tarbi baƙi. Abin da ya sa kasuwa ta raina gidan nan, shi kaɗai ya rage mini in kare yarinyar nan da shi.

Ban hana ku sayarwa ba. Ba ni da wannan ikon, kuma mamaci ba ya biyan kuɗin makarantar jikoki. Na san Amir har yanzu haya yake yi, na san kasuwar Kubra ba ta tafiya yadda take nunawa. Idan kun ga sayarwa ce mafita, ku sayar. Amma sai kun zo ku uku kun zauna da ita a zaure, kun kai ta ta ga gidan da za ta koma, ta shiga da kekenta ta fita da kanta, ta ga inda za ta kafa keken ɗinki, sannan ta ce ta yarda. Ba bayan kun miƙe za a tuna da ita ba, da ita za a fara zama.

Na san kuma akwai hanyoyin cuta. Kuna iya daina zuwa, ku bar ciki ya zama kufai har ta gaji ta sallama. Kuna iya zuwa kotu ku ce ciwo ya taɓa mini kai. Kuna iya aiko mata masu daɗin baki. Duk na ga an yi a gidajen mutane. Ba ni da maganin wannan, nan dabarata ta ƙare. Sauran yana tsakaninku da Allah, da kuma Zakariyya ranar da za ku haɗu da shi.

Na bakwai. Manniru da Kubra, maganar da kuka yi a gindin mangwaro, ku binne ta kafin ku binne ni. Manniru, kai ne babba, kai za ka taka har gidanta, ba ta waya ba. Rabon namiji da Allah ya ninka, ba don ya yi wa 'yar'uwarsa gori ba ne, don ya ɗauki nauyinta ne. Kubra, abin da kika kashe a kaina Allah ya gani, ni ma na gani, kada ki ɓata ladanki da baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na san 'yan sana'armu. Kafin a watse zaman makoki za su fara kiran ku ɗaya-ɗaya, kowa a ce masa ɗan'uwansa ya riga ya yarda. Kada ku amsa wa kowa komai sai kuna tare.

Na takwas. Ke kuma amaryata, Muhibba. Kin ce mini kada in sa sunanki a komai, ba kya son a ce ke kika shiga tsakanin 'yan'uwa. Ban ji maganarki ba, dama can kin san mijin naki ba ya ji. Ban ba ki ƙofa don ki rufe ba. Kada ki taɓa sa mata sakata a fuskar baffanninki da goggonki, ko sun ɓata miki. Idan sun zo da magana mai ma'ana ki saurara, kada ki riƙe bango don kawai ni na gina shi. Bulo ne da siminti, ni ma da na gina ga shi zan fita. Idan Allah ya kawo miki miji na gari mai gidan da kekenki zai zaga, ki tafi, kada ki ce kina gadin tsoho. Indararon gabas yana toshewa da ganyen mangwaro farkon damina, ki sa a duba. Kuma ki ƙara kuɗin labulenki, kina yi musu araha.

Ku ukun kuwa, an ce zumunci a ƙafa yake. Ita nata ba sa tafiya, naku suna yi.

Na ƙarshe. Ranar da za a fitar da ni, ta zaure za a bi, babu wata hanya. Ita ba za ta bi mu maƙabarta ba. Don haka idan kun ɗauko makara kun iso zaure, ku sauke ni kusa da kekenta, yadda hannunta zai kai. Ku bari ta yi mini addu'ar da za ta yi, kada wani ya ce rana tana yi. Daga wannan lokacin zauren nata ne, ni kuwa duk yawon gidajen da na yi, ban taɓa fita daga gidan mutum ban yi wa mai shi sallama ba.

Na yafe muku abin da na ji da wanda ban ji ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah ya buɗa wa Amir, ya rufa wa Kubra asiri, ya tausasa zuciyar Manniru, ya zama ƙafafun Muhibba. Allah ya jiƙan mahaifiyarku da Zakariyya da Lubna, ya sa in tarar da su cikin rahama. Ku riƙe juna, ba ku da wasu.

Idan kun dawo daga binne ni, kada kowa ya wuce motarsa. Ku zo ku uku ku tsaya a bakin ƙofa, ku yi sallama, ku jira ta amsa, sannan ku shiga gidan ubanku.

Hannuna ya gaji.

Mahaifinku,
Abdulmajeed Haladu
Gwarinpa, Abuja